Yadda na koyi ɗaukar hoto

Ni tela ne a Maraɗi. Ban yi lakkwal ba. Karatu da rubutu a ajin yaƙi da jahilci na koye su, kamar ku. Yau ina so in ba ku labarin wani koyo na biyu da na yi, wato ɗaukar hoto. Wanda ya karanta darasin nan da natsuwa, in yana da salula mai kyamara, gobe ma yana iya gwadawa.

1. Mafarin abin

Ƙanena ya tafi biɗa Abijan. Ya yi shekara 6 bai zo gida ba. Wata rana ya aiko mini salula tare da saƙo: "Yaya, ka ɗauko mini hoton Inna. Ina so in ga fuskarta."

Na ce wannan ai ba wuya. Da rana tsaka na tsayar da Inna bakin ƙofar ɗaki. Ni ina ciki, ita tana bakin ƙofa, hasken tsakar gida yana bayanta. Na danna, na aika.

Da dare sai ga kiran ƙanena, hankalinsa a tashe. Ya ce: "Yaya, Inna ba ta da lafiya ne kuka ɓoye mini?" Na rantse masa lafiyarta lau. Bai yarda ba sai da ya ji muryarta. Na koma na duba hoton da kyau. Gaskiya gare shi. Fuskar Inna ta fito baƙi ƙirin, idanu sun zurma, kamar wadda ta yi wata guda kwance.

Da safe na tafi wurin wani tsoho mai shagon hoto kusa da kasuwa. Tun zamanin fim yake wannan sana'a. Na ce: "Baba, salular nan ba ta da kyau." Ya karɓa ya duba, ya yi dariya. Ya ce: "Ɗana, salula lafiyarta lau. Kai ne ba ka duba inda rana take ba."

Daga ranar nan, in na rufe shago, nakan biya wurinsa in nuna masa abin da na ɗauka. Shi ko ya nuna mini kuskurena.

2. Hoto, mine ne shi?

Hoto haske ne. Kalmar da Turawa suke kiransa da ita daga harshen Girka ta fito, ma'anarta rubutu da haske. Haske yana faɗa wa abu, ya dawo, ya shiga ta ɗan idon kyamara, ya bar alama ciki. In haske ya yi kaɗan, hoto ya yi duhu. In ya yi yawa, hoto ya yi fari fat.

Hoto mafi tsufa da aka ɗauka da kyamara, wanda yake nan har yau, a ƙasar Faransa aka yi shi, wajen shekara ta 1826. Sai da kyamarar ta yi sa'o'i da yawa a buɗe kafin ya kama. Daga baya fim ya zo. Manyanmu sun san shi: fim guda yana ɗaukar hoto 24 ko 36. Sai ya cika a kai a wanke, a biya kuɗi, sa'an nan mutum ya ga abin da ya ɗauka. In ya lalace, ya lalace.

A shekara ta 1975 wani injiniya na kamfanin Kodak a Amurka, mai suna Steven Sasson, ya ƙera kyamara wadda ba ta bukatar fim. Nauyinta ya fi kilo 3 da rabi, kuma sai ta yi sakan 23 kafin ta ajiye hoto guda, baƙi da fari. Jikanyarta ce take cikin aljihunmu yau.

Irin wannan kyamara tana haɗa hoto da ƙananan ɗigo, kamar yadda mai ɗinkin hula yake haɗa zane da ƙananan saƙa. Kowane ɗigo ana ce masa piksel. Ɗigo miliyan guda shi ne megapiksel guda. In aka ce kyamara tana da megapiksel 12, hotonta yana da ɗigo miliyan 12 ke nan.

Ga amfaninta ga mai koyo: kana dannawa kana ganin hoton. In bai yi ba, ka goge ka sake. Ko dala ba ka kashe ba.

3. Abu 5 na farko

Ga abin da Baba ya fara koya mini:

Na 1: Goge idon kyamara da ƙyalle mai laushi. Salula tana kwana cikin aljihu tare da ƙura da maiƙon hannu. Ido mai datti yana ba da hoto mai hazo.

Na 2: Riƙe salula da hannu biyu. Manna gwiwoyin hannunka jikin haƙarƙari. Tsaya cak, sa'an nan ka danna a hankali. Hannu mai rawa yana ɓata hoto.

Na 3: Duba inda haske yake fitowa. Ya zamana yana bayanka ko gefenka, yana faɗa wa abin da kake ɗauka. Kuskuren da na yi da Inna ke nan: haske yana bayanta.

Na 4: Taɓa gilashin salula da yatsa daidai bisa abin da kake so ya fito sosai. Kyamara za ta daidaita ganinta da haskenta a wurin.

Na 5: In abu yana nesa, taka ka matsa kusa. Yawancin salula, in ka jawo abu da yatsu biyu, yanke hoton kawai take yi ta buɗa shi. Ɗigon ya ragu, hoto ya dushe.

4. Tabki da daji

Baba ya ce: "Kar ka fara da mutane. Mutum yana gajiya, yana fushi. Fara da icce da ruwa, su ba su ƙosawa."

Na hau babur na tafi tabkin Madarunfa, kudu da Maraɗi. Na isa da azahar. Na ɗauki hoto ya fi 50. Da na kawo, Baba ya duba ya ce: "Duka ka goge." Ruwa ya yi fari, sama ta yi fari, inuwar itatuwa ta yi baƙi. Rana tsaka haskenta yana da kaifi ƙwarai.

Na koma wata Juma'a tun da asuba. Ashe wuri guda yana da fuska biyu. Da rana ta fara fitowa, haske ya zo a kwance, mai laushi, ja-ja. Masunta suna tura jirgi, inuwarsu ta miƙe bisa ruwa. Nan na gane lokacin hoto biyu ne: daga fitowar rana zuwa hantsi, da kuma daga la'asar sakaliya zuwa faɗuwar rana.

Abu na biyu da tabki ya koya mini shi ne haƙuri. Na ga balbela bakin ruwa. Na nufe su da sauri, suka tashi. Na sake, suka sake tashi. Daga baya na samu gindin icce na zauna shiru. Bayan kamar rabin awa, su da kansu suka dawo kusa da ni. Hausawa sun ce mahaƙurci mawadaci.

Abu na uku shi ne tsari. Cikin kyamarar salula akwai wurin da za ka kunna layi 4, biyu a tsaye, biyu a kwance. Suna raba gilashi gida 9. Layin kwance yana taimakonka kar bakin ruwa ya karkace. Kuma ba dole ne abu ya zauna tsakiya kullum ba. Aza jirgin masunci inda layi biyu suka gamu, ka bar masa fili gabansa, wajen da ya dosa. Za ka ga hoton ya fi daɗin kallo.

Kar ku ce hoton dabba wasa ne. Ku dubi raƙuman dawa na Kure, kamar kilomita 60 daga Yamai. Irinsu ba su saura ko'ina cikin daji ba sai a Nijar. A shekara ta 1996 kusan 50 kaɗai suka rage. Da aka tsare su, sun haura 600. A shekara ta 2018 an ɗauki 8 an kai su gandun dajin Gadabeji, cikin jihar Maraɗi. To, yaya ake ƙirga su? Da hoto. Zanen jikin kowane raƙumin dawa daban yake da na ɗan uwansa. Masu ƙirga suna ɗaukar hoton kowane guda, dama da hagu, don kar a ƙirga shi sau biyu.

Mai ɗaukar hoton daji ba ya jifar tsuntsu don ya tashi. Ba ya taɓa sheƙa. Ba ya tattake shukar mutane.

5. Hoton tafiya

Da ƙaramar salla na tafi Damagaram wurin kawuna. Cikin mota na yi ta ɗauka ta taga. Ko guda bai yi ba: mota tana gudu, gilashi yana da datti. In kana son hoton hanya, bari sai an tsaya.

Kafin in tashi Baba ya ba ni dabara. Ya ce duk inda na je in ɗauki hoto iri uku: na nesa, na tsakiya, na kusa. Haka na yi a unguwar Birni. Na nesa: lungu da gidajen ƙasa da manyan duwatsu. Na tsakiya: ƙofar wani zaure. Na kusa: zanen da magina suka yi jikin bango. Da na jera su, wanda bai taɓa zuwa Damagaram ba ma ya gane wurin.

Abu mai faɗi, kamar kasuwa ko gona, a kwantar da salula. Abu mai tsawo, kamar giginya, ko hasumiyar masallacin Agadas mai mita 27, a tsayar da ita.

Ranar hawa na tsaya kusa da fadar Sarki. Dawaki suna sukuwa, ni ina dannawa. Da na duba, sai ƙura da wutsiya. Doki ya riga yatsana. Sai wani saurayi ya nuna mini: a yawancin salula akwai yadda za ka sa ta ɗauki hoto da yawa a jere, ka zaɓi mai kyau. Kuma na koyi tsayawa inda mahaya suke ja linzami su tsaya. A nan ne ake ganin doki da mai shi sosai.

Mai tafiya ya kiyaye waɗannan:

Ka cika batir kafin ka tashi. Ɗaukar hoto yana cin wuta.

Kar ka bar salula cikin rana ko bisa kujerar mota a rufe. Zafi yana kashe batir.

Lokacin hunturu ka sa ta cikin ƴar jaka, don ƙura.

Kar ka ɗauki hoton barikin soja, ko shingen jandarma da ƴan sanda, ko filin jirgin sama. Kana iya rasa salularka, kai ma ka shiga wahala. In za ka daji mai nisa, tambayi hukuma halin hanya tukuna.

A kasuwar Damagaram na yi wani kuskure wanda har yau ina jin kunyarsa. Na ga wata dattijuwa mai sayar da tukwane. Na ɗaga salula na danna, ban ce mata komi ba. Ta ɗago kai ta ce: "Kai ɗan nan, ni tukunya ce? In hoton tukunya kake so, ga su nan. In nawa ne, ai ka yi sallama." Na ce: "Inna, ki gafarce ni." Na goge hoton gabanta.

6. Hoton mutum

Fuskar mutum tasa ce. Kafin ka ɗauka, yi sallama, ka gaisa, ka roƙi izini. In ya ce a'a, shi ke nan. Wasu ba su so saboda addini, wasu saboda kunya, wasu don ba su san inda hoton zai je ba. Yaro, sai ka tambayi iyayensa. Kuma wanda ya yarda ka ɗauka bai ce ka watsa ba. Kar ka sa hoton kowa a Facebook ko WhatsApp sai ya sani. Hoto guda yana iya kashe aure ko ya zubar da mutunci, kuma in ya fita ba ya dawowa.

Baba ya ba ni labarin Seydou Keïta, mutumin Bamako ta ƙasar Mali. Da farko kafinta ne, wurin ubansa ya koya. A shekara ta 1935 kawunsa ya kawo masa ƴar kyamara tsaraba. A shekara ta 1948 ya buɗe wurin hoto. Yawancin aikinsa a tsakar gida yake yinsa, da hasken rana, ya rataya zane bayan mutum. Saboda tsadar fim, sau guda yake dannawa ga kowane hoto. Ya rasu a shekara ta 2001, kuma hotunansa suna rataye a manyan gidajen tarihi na duniya. Na ce a raina: in kafinta ya iya, tela ma ya gwada.

Ga abin da na koya game da hoton mutum:

Zaunar da shi cikin inuwa mai haske, kamar inuwar bango ko bakin zaure, fuskarsa tana duban fili. In ka sa shi cikin rana, zai runtse ido. Inuwar icce kuma wani lokaci tana yi wa fuska dabbare-dabbare.

Duba bayansa. Kawar da bokiti da shanya. Kar icce ko turke ya fito kamar ya tsiro bisa kansa.

Kyamara ta yi daidai da idonsa. In yana zaune, ko yaro ne, durƙusa.

Taɓa gilashi bisa fuskarsa. Wannan yana da muhimmanci gare mu. In baƙin mutum ya sa farar riga, kyamara takan bi hasken rigar, fuska ta yi duhu.

Ƴar fitilar salula ba ta kai nisa, mita 2 ko 3 ne. Kuma tana sa fuska ƙyalli. In da hali, bari sai da rana.

Yi masa hira. Mutum in ya ga kyamara yakan sandare kamar mai hoton katin ɗan ƙasa.

Bayan wata 4 ina koyo, na koma ga Inna. Da la'asar na shimfiɗa tabarma cikin inuwar bangon ɗakinta. Na rataya zane mai shuɗi bayanta. Inna ba ta faɗin sunana, don ni ne ɗan fari. Ta ce: "Kai wannan, ba ka gaji ba? Tsohuwa mi za a gani gare ta?" Na ce: "Inna, autanki ne yake so." Ta zauna, ta ɗaure fuska. Na durƙusa gabanta. Na ce ta ba ni labarin ranar da autan ya ɓace a kasuwa, aka same shi yana barci ƙarƙashin teburin mai ƙosai. Ta fara faɗi, dariya ta kubce mata. Nan na danna.

Na aika Abijan. Ƙanena ya amsa da kalma huɗu: "Yanzu na gan ta."

7. Ajiyar hoto

Hoton da yake cikin salula kaɗai bai ajiyu ba. Salula tana faɗawa ruwa, ana sace ta, katin ajiya yana mutuwa. Ni kaina katina ya mutu, hotunan Madarunfa na farko duka suka tafi.

Saboda haka hoto mai daraja a ajiye shi wuri uku. Guda cikin salula. Guda cikin wani kati, ko kwamfuta, ko salular ɗan uwa. Guda kuma a kai shagon hoto a fitar da shi bisa takarda. Ku sani, in an aika hoto ta WhatsApp yadda aka saba, ana rage masa ɗigo don ya yi saurin tafiya. In za a fitar bisa takarda, a kai na asali.

Hoton takarda a sa shi cikin leda ko littafi, nesa da rana da laima da gara. A bayansa a rubuta sunan mai hoton, da gari, da shekara. Ga inda karatunmu yake da rana. Hoto ba ya faɗin sunan mai shi. Bayan shekara 30, jikanka zai tambaya: wace ce wannan? Rubutunka ne zai ba shi amsa.

Allah ya sa na bi maganar Baba, na fitar da hoton Inna guda 2. Da damina ta kewayo, Inna ta yi ƴar rashin lafiya ta kwana 5, Allah ya karɓi abinsa. Allah ya jiƙanta. Ƙanena bai iso ba sai bayan addu'ar bakwai. Na ba shi hoto guda, na riƙe guda. A bayan kowane na rubuta sunanta da hannuna.

Yanzu ina ɗaukar hoton kayan da na ɗinka in nuna wa masu saye. Maƙwabcina ya ɗauki hoton ganyen wakensa da tsutsa ta ci, ya nuna wa malamin gona. Matata ta ɗauki hoton katin rigakafin yara, ko da zai ɓace. Har yau ina koyo, kuma har yau Baba yana cewa in goge.

Tambayoyi

1. Mi ya sa fuskar Inna ta yi baƙi a hoton farko?
2. Waɗanne lokuta biyu ne suka fi kyau ga ɗaukar hoto a fili?
3. Yaya ake ƙirga raƙuman dawa na Kure?
4. Mi ya sa mai tukwane ta yi fushi? Tana da gaskiya?
5. A wuri nawa ya kamata a ajiye hoto mai daraja? Ku faɗe su.

Aiki

Ku zaɓi icce guda kusa da gida. Ku ɗauki hotonsa da safe, da rana tsaka, da la'asar, kuna tsaye wuri guda. Wanda ba shi da salula ya haɗu da wanda yake da ita. Ku kawo hotunan aji, ku gwama su.

Sa'an nan kowa ya roƙi izinin wani tsoho ko tsohuwa na gidansu, ya ɗauki hotonsa cikin inuwa mai haske. Ya rubuta sunansa da garinsa da shekarar bana cikin littafinsa.